Keɓaɓɓun Kalmomin Sufurin Ruwa a Hausa: Sharhi a kan Fassarar da ke Fitowa daga Abuja

1.0 Gabatarwa

A watan Agusta na 2023 gwamnatin Shugaba Bola Ahmed Tinubu ta ƙirƙiro sabuwar ma'aikata a Abuja, aka ɗora mata alhakin kula da teku da tasoshin jiragen ruwa da hanyoyin ruwa na cikin gida, aka kuma naɗa Adegboyega Oyetola ministanta na farko. Tun daga lokacin sunan ma'aikatar bai zauna wuri ɗaya ba a bakin masu fassara. Wani ya ce Ma'aikatar Harkokin Teku, wani ya ce ta Tattalin Arzikin Teku, wani kuma ya kira ta Ma'aikatar Albarkatun Ruwa, alhali kuwa wannan sunan wata ma'aikata ce dabam, mai kula da madatsun ruwa da ruwan sha. Wannan rashin daidaito alama ce ta wata matsala da ta fi shi girma.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi sharhi a kan kalmomin da ake amfani da su a Hausar labarai da ta hukuma wajen bayyana jiragen ruwa da tuƙinsu da dakon kaya. An zaɓi Abuja ne, duk da cewa ba ta da teku, saboda a nan ne ake ƙera mafi yawan waɗannan kalmomi a yau. A nan ma'aikatar take, a nan hedikwatar sojan ruwa take, haka kuma Gidan Rediyon Tarayya da Muryar Nijeriya da ofishin Sashen Hausa na BBC da jaridar Aminiya. Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wadda ta gaji aikin tsara keɓaɓɓun kalmomi, ita ma tana Sheda, a kan hanyar Lakwaja. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne: kalmomin ruwa da suka karɓu a Hausa daga bakin masu sana'a suka fito, waɗanda suka kasa zama kuwa a kan teburin fassara aka haife su.

2.0 Bahaushe da Ruwa

Akan ji ana cewa Bahaushe mutumin tudu ne, don haka ba laifi ba ne in harshensa ya gaza a sha'anin ruwa. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Kabawa sun daɗe da su da fito a Gulbin Kabi, kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, yana tafe da wasannin kabanci, ciki har da tseren kwalekwale. Sarkawa, waɗanda Jean Rouch ya yi rubutu a kansu a 1950, masunta ne masu magana da Hausa da ke bin Kwara daga ƙasar Yawuri har cikin ƙasar Nijar. Sarautu irin su Sarkin Ruwa da Sarkin Jirgi shaida ne cewa sana'ar tana da tsari da shugabanci. Daga waɗannan mutane ne harshe ya sami kalmomi kamar haka:

(1) jirgi, kwalekwale, filafili, gwangwala, tuƙi, fito, mashigi, gaɓa, homa, taru, birgi, mamari.

Teku ma ba baƙuwa ba ce. Alhazan da suka bi ta ƙasa sukan tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Dorugu ya shiga jirgi daga Tarabulus tare da Heinrich Barth a 1855, labarinsa kuma yana cikin Magana Hausa wanda J. F. Schön ya buga a 1885. Shi kansa Schön, wanda ya wallafa ƙamus a 1876, yana cikin ayarin jiragen da suka shiga Kwara a 1841. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila da Makka ta ruwa a 1921, Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, dubban sojojin Arewa kuma sun ratsa teku zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Ke nan harshen yana da gado biyu: na gulbi, wanda asalinsa na gida ne, da na teku, wanda ya haɗa da aro kamar bahar daga Larabci, da anka da farfela daga Ingilishi.

3.0 Ma'auni: Kalmomin da Suka Karɓu

Kafin a yi suka, ya kamata a kafa ma'auni. Akwai kalmomi biyar da suka nuna yadda Hausa ke faɗaɗa ma'ana idan an bar ta da halinta.

Ta farko ita ce jirgi. Asalinta abin shiga ruwa ne. A 1907 aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin Kwara, inda jiragen ruwa ke sauke ƙarafan aikin, ya iso Kano a 1911. Bahaushe ya ga abin da ke ɗaukar jama'a da kaya masu yawa a cikinsa, sai ya kira shi jirgin ƙasa. Da na sama ya sauka a Kano a 1925, aka ce jirgin sama. Daga nan ne ya zama dole a riƙa cewa jirgin ruwa, wato mai asalin sunan shi ne ya koma neman ƙarin bayani.

Ta biyu ita ce tuƙi. Motsa filafili a ruwa da juya muciya a tukunya duk tuƙi ne, daga nan kalmar ta hau mota da jirgin sama, aka sami matuƙi. Ta uku ita ce fito, wato tsallakar da mutane ko kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Abin da ake biyan mai jirgi shi ne kuɗin fito, yau kuwa kuɗin fito shi ne harajin da kwastan ke karɓa a kan kayan da suka tsallako iyaka. Ta huɗu ita ce dako, aikin ɗan dako a kasuwa, wadda ta ba mu jirgin dakon kaya da jirgin dakon mai. Ta biyar ita ce yasa. Lokacin da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin zurfafa Kwara daga Warri zuwa Baro a 2009, an ce za a yashe kogin. Duk wanda ya taɓa ganin yasar rijiya ya fahimci abin da ake nufi ba tare da an yi masa bayani ba.

Idan aka duba waɗannan kalmomi za a ga sun yi tarayya a abu uku: gajeru ne, kowace tana da tushe a cikin wata sana'a da mai sauraro ya sani, kuma aikin abin suka kama, ba lafazin sunansa na Turanci ba. Wannan shi ne ma'aunin da za a yi amfani da shi a nan.

4.0 Wuraren da Fassara ta Yi Rauni

4.1 Cunkusa Ma'anoni a Kalma Ɗaya

A Hausar gargajiya mashigi wuri ne mara zurfi inda mutane da dabbobi ke shiga su tsallake rafi ko gulbi. A Hausar labarai kuwa ana jin waɗannan:

(2) mashigin tekun Gini
(3) mashigin Hormuz
(4) mashigin ruwa na Suwez

Waɗannan abubuwa uku ne mabambanta. Na (2) wani makeken lungu ne inda teku ta kutsa cikin ƙasa, shi ne ruwan da gaɓar Nijeriya, mai tsawon kimanin kilomita 853, take fuskanta. Na (3) matsatsi ne na halitta tsakanin Iran da Oman, wanda ya haɗa manyan ruwaye biyu. Na (4) hanya ce da mutane suka haƙa da hannunsu, aka buɗe ta a 1869. A watan Maris na 2021 jirgin Ever Given ya gitta a Suwez har kwana shida, ya tsayar da ɗaruruwan jirage. Mai sauraron da aka saba masa da mashigin tekun Gini yana da hujjar ya tambaya: ta yaya jirgi ɗaya zai toshe mashigi? Da an ce haƙaƙƙiyar hanyar ruwa ko magudanar Suwez, aka bar matsatsi ga irin na Hormuz, aka nemi wata kalma kamar lungun teku ga na Gini, da hoton ya fito sarai.

Haka abin yake ga jirgin ruwa da kwalekwale. Ever Given tsawonsa mita 400 ne, yana ɗaukar kwantena wajen 20,000. Kwalekwale kuwa sassaƙaƙƙen gungume ne mai cin mutane kaɗan. A tsakaninsu akwai dogon jirgin katako mai inji, wanda shi ne motar kasuwa a Tafkin Kainji da Kwara da Binuwai. Idan haɗari ya faru, wata kafa ta ce jirgin ruwa ya nutse, wata ta ce kwalekwale ya kife, a kan abu ɗaya. Ta farko ta sa mai sauraro ya zaci babban jirgin ƙarfe, ta biyu ta sa ya yi mamakin yadda mutum ɗari suka shiga gungume. Jirgin fito ko jirgin katako mai inji ya fi kusa da gaskiya.

4.2 Bin Lafazin Turanci

An ƙaddamar da tashar kaya ta cikin ƙasa a Kaduna a 2018, ta Dala a Zawaciki kusa da Kano a 2023, ta Funtuwa kuma a 2024. Sunan da aka fara ba su shi ne tashar jiragen ruwa ta kan tudu, ko ta tsandauri. Sunan yana tufka yana warwara, domin babu jirgin ruwan da zai taɓa zuwa Zawaciki. Mai fassara ya ga kalmar Turanci mai nufin tashar bakin teku, ya ga an siffanta ta da bushewa, sai ya jera su kamar yadda ya same su. Jama'a da kansu sun rage masa nauyi, suka koma cewa tashar tsandauri, wannan kuwa ci gaba ne. Amma har yanzu sunan bai faɗi aikin wurin ba. Aikinsa shi ne a kawo kwantena a rufe daga Ikko ta dogo ko ta mota, kwastan su duba ta, a biya haraji, mai kaya ya karɓa a kusa da gida. Wannan shi ne fito, ke nan tashar fiton kaya ta fi dacewa, kuma kalmar tana nan a harshe tun kafin zuwan Turawa.

Misali na biyu ya shafi awo. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon mallaka har mil 12, da ikon cin albarkatu har mil 200. Amma mil na teku mita 1,852 ne, na tudu kuwa mita 1,609. Idan aka ce mil 200 kawai, mai lissafi da na tudu zai sami kimanin kilomita 322, alhali abin da ake nufi ya kai kilomita 370. Kusan kilomita 48 na ruwan ƙasa sun salwanta a cikin fassara. Ƙara kalma ɗaya, a ce mil na teku, ya wadatar. Haka kuma ma'aunin gudun jirgi, wanda sunansa na Turanci ke nufin ƙulli saboda igiya mai ƙulle-ƙulle da matuƙan da ke jefawa a ruwa don awo, ba ya bukatar a fassara shi da ƙulli. Mil na teku kaza a awa ya fi fayyace magana.

4.3 Ƙyamar Kalmar Aro

Wasu masu fassara suna ganin aro daga Ingilishi kasawa ce, don haka suka zaɓi sunduƙi a madadin kwantena. To, amma sunduƙi ma aro ce daga Larabci, kuma ma'anarta akwati ne da mutum zai iya ɗauka. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke jiran kayansa daga Apapa cewa yake yi kwantenarsa mai ƙafa 20 ko mai ƙafa 40 ta iso. Kalmar ta riga ta bi tsarin sautin Hausa, ta sami jinsi, ta sami jam'i, har ta shiga unguwanni a matsayin shago. Harshen da ya karɓi mota da lodi da kwastan ba shi da dalilin korar kwantena. Kogi bai ƙi yayyafi ba. Sharaɗin kawai shi ne a fara duba ko akwai ta gida mai rai a bakin masu sana'a, in babu, a karɓi wadda suka ara.

4.4 Kalmomin Tsira

A nan ne matsalar ta wuce gardamar masana. A ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin katako ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse a kusa da Warra a Jihar Kabi, kaɗan ne suka tsira. A ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekara, aƙalla mutum 29, galibinsu yara 'yan Islamiyya, suka rasu a ruwan Bagwai a Jihar Kano. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 masu dawowa daga biki suka halaka a yankin Patigi a Jihar Kwara. Ba fassara ce ta nutsar da waɗannan jirage ba. Lodi fiye da kima da tsufan katako da tafiyar dare da kututturan da ke ƙarƙashin ruwa su ne musabbabai da aka fi ambata. Sai dai duk wani gargaɗi da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, za ta yi wa matuƙa da fasinjoji a waɗannan wurare, ta harshe zai bi, kuma Hausa ce harshen kasuwa a yawancin mashigan Arewa.

Dubi rigar da ake sawa don kada a nutse. Ana jin sunaye huɗu:

(5) rigar ruwa
(6) rigar kariya
(7) rigar ceto
(8) rigar hana nutsewa

Na (5) tuni sunan rigar da ake sawa ne lokacin ruwan sama. Na (6) ya haɗa da rigar sulken ɗan sanda da ta ma'aikacin asibiti. Na (7) yana iya nufin rigar masu aikin ceto. Na (8) kaɗai ya faɗi aikin, ko da yake ya ɗan yi tsawo. Dokar da ta wajabta abu mai suna huɗu tana da wuyar bi, tana kuma da wuyar tilastawa. Abin lura shi ne tunanin ba sabo ba ne: masuncin Argungu ya san gora da yake hawa ya yi iyo, don haka mai wayar da kai da ya fara da gora ya riga ya ci rabin tafiya.

Akwai kuma abubuwan da ba su da tsayayyen suna ko ɗaya. Manyan jirage suna da alama a jikinsu wadda in ruwa ya kai gare ta, an daina lodi. Ingila ta wajabta ta a 1876 bayan gwagwarmayar Samuel Plimsoll, aka kuma yi yarjejeniyar duniya a kanta a 1966. Jiragen katakonmu sun fi kowa bukatar irin wannan alama, domin fasinja da kansa zai iya duba ta. Kiran ta layin lodi ba zai yi wa ɗan tasha wuya ba. Haka nan ɓangarorin jirgi biyu: a ƙa'idar tuƙi ta duniya, jar fitila tana hagun jirgi, koriya tana damansa, ana kuma ƙidaya hagu da dama ne daga mai fuskantar gaban jirgin, ko ina mai magana ya juya. Idan ba a tsayar da hagun jirgi da daman jirgi a matsayin keɓaɓɓun kalmomi masu wannan sharaɗi ba, umarnin a koma dama zai raba jama'a gida biyu a lokacin da jirgi ke tangaɗi.

5.0 Tushen Matsalar

Ba daidai ba ne a ɗora laifi duka a kan mai fassarar ɗakin labarai. Shi mutum ne da ake ba takarda da Turanci, a ce a karanta ta da Hausa nan da rabin awa. Ya kuma yi abin yabo a wurare da dama: sojan ruwa da 'yan fashin teku da jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku duk sun zauna. Abin da ya rasa shi ne madogara.

Ayyukan tsara kalmomi da aka yi a ƙasar nan sun fuskanci wasu fannoni ne: kimiyya da lissafi na firamare, da nazarin harshe da adabi a Hausa Metalanguage wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, da kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991. Hausa in the Media na McIntyre da Meyer-Bahlburg (1991) ya tattara abin da gidajen rediyo ke faɗa ne. Ƙamusoshin Bargery (1934) da Abraham (1949) da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) na gama-gari ne, kalmomin ruwa a warwatse suke a cikinsu. Bugu da ƙari, hanyar da aka saba bi a tarurrukan ƙirƙirar kalmomi ita ce a kawo jerin kalmomin Turanci, malamai su zauna su nemo musu takwarori. Wannan hanya ta dace da fannin da harshe bai taɓa shiga ba, kamar ilimin sinadarai. Ba ta dace da sufurin ruwa ba, domin a nan akwai mutanen da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, suna da sunan kowane sashe na jirgi da kowane hali na ruwa, ba a dai tambaye su ba ne. Akwai kuma tasirin karin harshe: daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, alhali taskar kalmomin gulbi tana yamma, a Kabi da Yawuri, da kuma bakin Tafkin Cadi.

6.0 Shawarwari da Kammalawa

Bisa abin da ya gabata, ana ba da shawarwari uku. Na farko, a juya tsarin aikin: sassan nazarin Hausa na jami'o'i su fara da tattara kalmomi daga bakin matuƙa da masassaƙa da masunta a Yawuri da Warra da Argungu da Baro da Lakwaja da Baga, da kuma 'yan kasuwa da masu fiton kaya a Kano da Apapa, kafin a buɗe jerin Turanci. Na biyu, hukumar da ke Sheda ta haɗa waɗannan masana da ma'aikatar teku da editocin kafafen labarai, a fitar da ɗan ƙaramin ƙamus guda wanda kowa zai bi. Na uku, a fara da kalmomin tsira, kuma kada a tsayar da kowace kalma sai an gwada ta a mashigi ranar kasuwa, an ga yadda fasinja ya fahimce ta.

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa Hausa ba ta da ƙarancin kalmomin ruwa, tun da daga ruwa ta samo jirgi da tuƙi da fito ta ba tudu da sama. Raunin da ake gani a yau ya samo asali ne daga cunkusa ma'anoni, da bin lafazin Turanci, da ƙyamar aron da ya riga ya zauna, da barin kalmomin tsira ba tsayayye. Hukumar hanyoyin ruwa ta ƙiyasta cewa Nijeriya na da kimanin kilomita 10,000 na hanyoyin ruwa da suka ratsa jihohi 28. Mutanen da ke bin waɗannan hanyoyi kullum suna da haƙƙin a yi musu magana da kalmomin da suka sani, hanyar samun kalmomin kuwa ita ce a je inda suke a saurare su.